Golf ɗin Faifai a Kan Tudu: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Farawa a Katsina da Daura

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka fara fita jifan faifai tare da mu, da kuma masu tsayawa kallo a bakin hanya har su matso su ce a ba su su gwada. Na fara da na sharar fage, sannan na shiga masu zurfi. Duk inda na ambaci hagu ko dama, ina magana ne a kan mai jifa da hannun dama ta bayan hannu, wato wanda ke jawo faifai ta gaban ƙirjinsa ya sake shi, bayan hannunsa na fuskantar inda za shi. Bahago sai ya juya lissafin.

Wai mene ne golf ɗin faifai?

Wasa ne na jifa da ƙirga. Ana tsayawa a mafara, a wurga faifan roba zuwa wani kwandon ƙarfe da aka kafa can nesa. Inda faifan ya kwanta, nan za ka je ka tsaya ka sake jifa, har sai ya shiga kwando. Daga mafara zuwa kwando shi ne zango ɗaya, fili kuma yakan ƙunshi zango 9 ko 18. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Kowane zango yana da ma'auni, wato adadin jifan da ake sa ran gwani zai gama da shi, akasari 3, a tazarar mita 60 zuwa 120.

Tsarinsa na yau daga Amurka ya fito. Ed Headrick, wanda ya yi aiki da kamfanin Wham-O mai ƙera faifan Frisbee, shi ya tsara fili na farko na dindindin a Oak Grove, kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya, a 1975. A 1976 ya kafa PDGA, ƙungiyar ƙwararrun masu wasan, wadda har yau dokokinta ake bi, a 1977 kuma ya samu rajistar kwando mai sarƙa, wato wanda sarƙoƙi ke rataye a samansa suna tare faifai ya faɗa ciki. Daga can wasan ya bazu, ya samu gindin zama sosai a Finlan da Suwidin da Estoniya.

Ai Katsina shimfiɗaɗɗiya ce. Ina za a samu tudun?

Gaskiya ne cikin birni babu wani hawa na a-zo-a-gani, haka ma Daura. Amma wasan ba tsauni yake nema ba. Hawan mita 5 zuwa 10 ya isa ya sauya jifa gaba ɗaya, kuma bayan gari akwai irinsa da yawa: bakin kwazazzaban da ruwa ya ci, tsofaffin ramukan da aka ɗebi marmara don aikin hanya, gaɓar rafi da rani, jigayin yashi ta wajen Daura, da duwatsu irin na Dutsin-ma. Kowanne da halinsa. Jigawa tana riƙe faifai inda ya faɗi, sai dai tana cin ƙarfin ƙafa. Fako da marmara suna sa shi tsalle ya zarce. Falalen dutse kuwa ba ya riƙe komai.

Akwai wuraren da ban yarda a je ba, komai kyawun tudunsu: maƙabarta, abin da ya rage na ganuwar Katsina, wuraren tarihi irin Durɓi Takusheyi, da dazuzzukan yammacin jihar, wajejen Batsari da Safana da Jibiya, inda matsalar tsaro ba ɓoyayya ba ce. Ko Dutsin-ma ɗin, a tsaya kusa da gari, a kuma ji ta bakin 'yan gari kafin a fita. Batun neman izinin mai wuri yana cikin amsar tsara zango, can ƙasa.

Me ya bambanta wasa a tudu da wasa a shimfiɗaɗɗen fili?

A shimfiɗaɗɗen fili, da faifai ya taɓa ƙasa magana ta kusa ƙarewa. A tudu kuwa a nan take farawa. Za ka yi jifa mai kyau, faifai ya sauka taku uku daga kwando, ka fara murmushi, sai ka ga ya miƙe a kan bakinsa, ya yi layi sau biyu, ya juyo, ya fara gangarowa a hankali, ya ƙara sauri, ya wuce ta gefen ƙafarka ya faɗa kwari. Jifa ɗaya ya tafi a banza, kuma yanzu ka fi da nisa. Shi ya sa nake so mai farawa ya saba da tambayar kansa kafin kowane jifa: ina faifan nan zai kwanta? Nisan da hannu zai iya kaiwa ya biyo baya.

Tudu yana kuma yaudarar ido a kan nisa. Lissafin da masu tsara fili suke amfani da shi a ƙarƙashin PDGA shi ne, kowace mita ɗaya ta hawa tana daidai da ƙarin mita 3 na tazara, kowace mita ɗaya ta sauka kuma tana rage 3. Kwandon da ke nesa da kai mita 70, in yana sama da kai da mita 10, ka ɗauka jifan mita 100 ne a gabanka. In yana ƙasa da kai da mita 10, jifan mita 40 ne.

Faifai nawa nake buƙata, kuma wane iri?

Biyu sun ishe ka ka daɗe kana koyo. Faifan wasan nan iri uku ne a dunƙule. Akwai faifan kusa, mai kauri da dasasshen baki, na sakawa a kwando da gajeren jifa, irin Aviar na kamfanin Innova. Akwai na tsaka-tsaki, irin Buzzz na Discraft ko Roc na Innova. Sai faifan nesa, siriri mai kaifin baki. Ka fara da na kusa ɗaya da na tsaka-tsaki ɗaya. Kowa idonsa yana kan na nesa, na sani, amma a tudu shi ne ya fi ɓata, shi ne ya fi mirginawa, shi ne kuma ya fi ji wa mutum ciwo in ya same shi.

Faɗinsu wajen santimita 21 ne, nauyinsu akasari giram 165 zuwa 175, doka kuma ta hana ya wuce giram 200. Akwai marasa nauyi na wajen giram 150, waɗanda suka fi dacewa da yara da duk wanda hannunsa bai yi ƙwari ba. Babban faifan nan mai faɗi da ake cafe-cafe da shi ba irinsu ɗaya ba ne, iska tana wasa da shi, amma in shi ke hannunka ka fara da shi kafin ka samu na ainihi. Ka zaɓi launi mai ƙyalli, ruwan lemo ko ruwan hoda ko shuɗi. Mai ruwan ƙasa ko rawaya in ya faɗa busasshiyar ciyawa sai Allah.

Lambobi huɗun da ke jikin faifai fa, me suke nufi?

Tsari ne da Innova ta fito da shi, sauran kamfanoni suka bi. Ta farko gudu ce, daga 1 zuwa 14. Ta biyu shawagi, daga 1 zuwa 7, wato yadda yake daɗewa a sama. Ta uku tana nuna yadda yake karkata dama lokacin da yake da gudu, daga +1 zuwa -5. Ta huɗu tana nuna yadda yake komawa hagu in gudun ya ƙare, daga 0 zuwa 5. Lambar gudu ba alkawari ba ce, sharaɗi ce: faifai mai lamba 12 yana buƙatar hannun da zai kai shi wannan gudun, in bai samu ba sai ya fice hagu ya faɗi.

Mu a tsakaninmu, faifan da ke ƙin karkata dama, yana gaggawar komawa hagu, muna ce masa mai taurin kai. Firebird, mai lamba 9, 3, 0, 4, shi ne misalinsa. Wanda ke saurin bin dama, irin Leopard mai 6, 5, -2, 1, mai sauƙin kai ne. Ka riƙe waɗannan sunaye biyu, domin amsoshin hawa da sauka da iska duk a kansu suke.

Ina jin ana cewa haiza da anhaiza da goshi.

Haiza ita ce ka saki faifai bakinsa na hagu yana ƙasa, sai ya yi baka zuwa hagu. Anhaiza kishiyarta ce, bakin hagu yana sama, faifai ya fara bin dama. Ba a wuyan hannu ake yin su ba, a ƙugu ake yi: in ka sunkuyo gaba haiza ce za ta fita, in ka ɗan yi baya anhaiza ce. Goshi kuwa shi ne gefen faifai da ke fuskantar inda za shi. In goshi ya ɗaga, faifai zai yi sama ya mutu. In ya yi daidai da layin jifa, zai tsaga iska ya tafi.

Ban da bayan hannu akwai jifan gaban hannu, wanda ake sa yatsu biyu a ƙarƙashin baki a fizga daga gefe. Shi ƙarshensa dama yake komawa. A shimfiɗaɗɗen fili mutum zai iya daɗewa bai koye shi ba, amma a tudu dole ne, za ka ga dalili a amsar mirginawa.

In kwando yana sama da ni, yaya zan yi?

Abin da jiki ke so shi ne ya ɗaga goshin faifai ya wurga shi sama. Sakamakon kullum ɗaya ne: faifai ya hau, ya tsaya cak a iska, ya zame hagu ya faɗo, wani lokaci ko rabin hanya bai kai ba. Gyaran shi ne a karkata layin jifan gaba ɗaya ya bi hawan. Ka sauke kafaɗar baya, ka ja hannu daga ƙasa zuwa sama daidai da kwanciyar tudun, amma wuyan hannu ya danne goshi kada ya ɗaga ya bar layin.

Hawa yana cin gudun faifai da wuri, shi ya sa kowane faifai yake ƙara taurin kai in an jefa shi sama. Don haka ka ɗauki mai sauƙin kai, mara nauyi in kana da shi, mai ƙaramar lambar gudu. Ka auna sama da kan tudun kaɗan, domin faifan da ya bugi ƙirjin tudu tun a tsakiya ya yi asarar duk sauran tafiyarsa. In kuma hawan ya fi ƙarfin jifa ɗaya, kada ka yi gardama da shi. Ka nemi wata 'yar shimfiɗa a tsakiya, ka ajiye faifai a can, ka kai kwando a na biyu.

In yana ƙasa fa? Ai wannan mai sauƙi ne.

Shi ya fi daɗi, shi kuma ya fi cin faifai. Babu jifan da ya kai tsayawa a kan tudu ka saki faifai ka ga yana ta shawagi a kan kwari, kuma a ko'ina masu wasan suna ƙaunar irin wannan zango. Zango na 27 a filin DeLaveaga da ke Santa Cruz a Kalifoniya ya yi suna ne don wannan. Amma faifan da ke sauka gudunsa ba ya mutuwa da wuri, saboda haka yana ƙara sauƙin kai, yana kuma daɗewa a sama. Ɗan kuskuren da a fili zai kauce da taku biyar, a nan sai ya kauce da talatin.

Kuskure iri biyu ake yi. Wani yakan jefa a miƙe kamar yana fili, sai ƙasa ta gudu ta bar faifai a sama, gudunsa ya ƙare yana can ƙololuwa, ya samu sararin da zai yi ta komawa hagu har ya ɓace. Wani kuma yakan saki dukkan ƙarfinsa da faifan nesa, ya kife dama bai dawo ba. Maganin duka biyun: ka ɗauki faifan kusa ko na tsaka-tsaki mai ɗan taurin kai, ka karkata layin jifa ƙasa ya bi gangarar, goshi a danne, ka yi amfani da kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfinka. Sannan kada ka ɗauke ido daga kansa sai ya kwanta, ka kuma shaida wata bishiya ko dutse kusa da wurin kafin ka fara sauka.

Ƙafata tana zamewa. Dole ne sai na yi gudu kafin jifa?

A'a. A gangara, jifa daga tsaye ya fi, ko taku ɗaya. Abin da za ka rasa na nisa kaɗan ne in aka kwatanta da abin da zamewa za ta jawo maka, ga kuma targaɗe. A hawa nauyinka yakan maƙale a ƙafar baya, sai ka gajarta taku ka tura shi gaba. A sauka yakan riga ka yin gaba, sai ka rage sauri ka ɗan durƙusa. In gangarar ta gefe ce, ka lura ƙasa tana tura ka ka sunkuya ko ka yi baya ba da saninka ba, wannan kuma shi ne haiza ko anhaizar da ba ka yi niyya ba.

Doka ta ba ka wurin tsayuwa mai faɗin santimita 20 da tsawon 30 a bayan inda faifai ya kwanta, kuma dole wani sashe na jikinka ya taɓa wurin lokacin saki. Ba lallai ƙafa ba. In wurin ya yi tsaye da yawa, ka sa gwiwa a ƙasa ka jefa. An kuma yarda ka kawar da tsakuwa ko busassun ƙirare da ke inda za ka taka.

Yaya zan hana faifai mirginawa?

Ba a hana shi ɗungurungum, ana dai rage shi, kuma a nan ake gane wanda ya san tudu. Faifai yana mirginawa ne in ya sauka a kan bakinsa. In ya sauka da cikinsa, ya kwanta daidai da kwanciyar ƙasa, sai ya ɗan ja ya tsaya. Saboda haka ka duba gangarar wurin sauka tukuna. In dama ce sama, hagu ƙasa, haizar bayan hannu za ta zo ta kwanta daidai da ita. In hagu ce sama, wannan haizar za ta soki tudu da baki, faifai ya miƙe tsaye ya kama hanyar kwari. A nan ake komawa gaban hannu ko anhaiza, don bakin dama ya zama shi ne a ƙasa.

Na biyu, gudu. Faifan da ya iso a gajiye, ƙasa-ƙasa, ya fi wanda ya faɗo daga sama da ƙarfi zama. Na uku, irin faifan: na kusa mai taushin roba yana kama ƙasa, na nesa mai tauri yana tsalle. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, shi ne ka nemi abin da zai tare maka. Ciyawa, yashi, gindin sabara, kunyoyin gonar da aka girbe in sun gitta gangarar, duk abokanka ne. Gara faifai ya kwanta a ciyawa taku goma daga kwando da ya sauka a fako taku biyu ya tashi.

In kuma duk ka yi wannan ya mirgina, kada ka bi shi da gudu a gangara, kada wani ya tare shi da ƙafa. Inda ya tsaya nan ne wurinka, sai dai in ka zaɓi abin da aka bayyana a amsar kwazazzabo.

Wajen sakawa a kwando, daga sama ya fi ko daga ƙasa?

Daga ƙasa. In ka kuskure kana ƙasa, tudun da ke bayan kwando zai tare faifan. In ka kuskure kana sama, babu abin da ke bayansa sai sarari, faifai ya wuce ya yi nisan da ya fi na farko. Don haka tun a jifan matsowa ka yi niyyar barin faifai ƙasa da kwando. Daga ƙasa ka auna saman sarƙa, ka tura da ƙafa. Daga sama ka auna ƙasan sarƙa, a hankali. In tazarar ta yi yawa kuma bayan kwando rami ne, ka ajiye faifai a gindinsa ka karɓi ƙarin jifa ɗaya. Ba tsoro ba ne, lissafi ne.

Akwai dokar da gangara ke sa mutane karyawa. In kana cikin mita 10 daga kwando, bayan ka saki faifai dole ka nuna ka tsaya daram kafin ka taka gaba. In gangara ta ja ka ka faɗa gaba, an ƙara maka jifa ɗaya. Ka buɗe ƙafafu gefe da gefe, ka ɗan zauna a kan dugaduganka.

Iskar hunturu fa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana busowa daga arewa maso gabas, kuma wannan ne lokacin da ya fi daɗin fita, don haka dole a koyi zama da ita. In tana fuskantarka, faifai yana ƙara sauƙin kai yana kuma ɗagawa, sai ka ɗauki mai taurin kai ka danne goshi. In tana bayanka, yana ƙara taurin kai yana faɗuwa da wuri, sai ka ɗauki mai sauƙin kai ka ɗan ɗaga layi. In ta gefe ce, kada ka nuna mata cikin faifai, za ta ɗauke shi. Ƙarfinta ba abin rainawa ba ne: jifa mafi nisa da aka rubuta, mita 338, David Wiggins ƙarami ya yi shi a 2016 a hamadar Nebada, da iska mai ƙarfi a bayansa.

Abin da tudu ya ƙara shi ne iskar da kake ji a kwari ba ita ce a sama ba. Kana ƙasa shiru, faifai na leƙa kan tudu ta fizge shi. Ka watsa 'yar ƙasa ka ga ta inda kake, sannan ka dubi kan bishiyoyin da ke kusa da kwando ka ga ta can. Haɗuwar da ta fi kowacce wuya ita ce jifan sauka da iska a fuska, domin duka biyun suna tura faifai dama. Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗu a gabas an fara walƙiya, a sauka daga tudu, a bar kwandon ƙarfe nan.

Faifaina ya faɗa kwazazzabo, ko ya maƙale a bishiya, ko ya ɓata. Me doka ta ce?

In ya maƙale a bishiya, ana sa alama a ƙasa daidai ƙarƙashinsa a ci gaba daga nan, babu tara sai in an amince da wata doka ta daban tun farko. Ba a karya reshe don a samu hanya. In ya faɗa wurin da aka ayyana a matsayin waje, kamar hanya ko gonar da ba a girbe ba, an ƙara jifa ɗaya, a dawo inda ya tsallaka iyaka, a shigo har mita 1. In ya ɓata, ana nemansa minti 3, kowa da kowa. In ba a gani ba, ƙarin jifa ɗaya, a koma inda aka jefo.

Kwazazzabo kuwa, in tsayuwa a ciki tana da haɗari, kana da zaɓi biyu, kowanne da tarar jifa ɗaya: ka ja baya a kan layin da ya miƙe daga kwando ta kan faifanka, ko ka koma inda ka jefo ka sake. Bakin kwazazzabo yana rubzawa, musamman bayan damina. Ku ayyana masu zurfin a matsayin waje tun kafin a fara.

Dutse ba ya lalata faifai?

Yana yi. Roba mai araha, irin DX ta Innova, tana daɗin riƙo amma dutse yana gutsurar bakinta, kuma faifan da ya sha bugu yana ƙara sauƙin kai. Kada ka yar da shi, ya zama faifan hawa. Mai tsada, irin Champion ko Star, ta fi jure wa dutse. Faifan da ya tsage ya fita daga wasa. Rana ma tana lanƙwasa su, kada a bar su cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur da bazara. Ka rubuta alamarka a cikin kowanne.

Me zan sa, me zan kiyaya a daji?

Kambas mai gurzajjen ƙasa, ba silifas ba. Ƙarangiya za ta cika maka safa da bakin wando ko ka so ko ka ƙi, wannan sai haƙuri da zama a gindin bedi ana cira. Amma ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna huda siririn takalmi, kututturen karan dawa bayan girbi kuma yana yanka. Riga ta zama gajera wadda ba za ta riƙe hannu ba.

Wanda ya fi damuna shi ne hannu. Kada ka cusa shi ƙarƙashin dutse ko cikin duhuwa don ɗauko faifai, nan ne mazaunin kububuwa da kunama. Ka riƙe sanda, ka jawo shi fili tukuna. Doka ma ta yarda ka ja baya ba tara in akwai mugun ƙwaro ko dabba a wurin tsayuwarka. Wanda maciji ya sara, asibiti za a kai shi nan take, ba tsaga ba tsotsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, sai a fita bayan Asuba ko bayan La'asar, da ruwa isasshe, a kuma tashi da sauran haske don Magariba ta same ku a gari.

Ba mu da kwando. Za mu iya farawa?

Ƙwarai. Kafin a ƙirƙiro kwando, bishiya da turke ake jifa. Ku ɗaura ƙyalle biyu a jikin bishiya, ɗaya daidai ƙugu ɗaya daidai kafaɗa, duk faifan da ya bugi tsakaninsu ya shiga. In kun tashi yin na ƙarfe, mai walda zai iya. Bakin kwandon yana sama da ƙasa da wajen santimita 82, faɗinsa wajen 66, zurfinsa kamar 20. Zoben da sarƙoƙi ke rataye a jikinsa yana sama da bakin da wajen santimita 50. Sarƙa 12 ta isa atisaye, na gasa sukan kai 24 ko fiye. Ku ce ya yi shi mai kwancewa gida biyu ko uku don ya hau babur, ya kuma goge duk wani kaifi.

Yaya ake tsara zango a kan tudu, kuma wa za a tambaya?

Izini ne farko. Babu filin da ba shi da mai shi, ko da ka gan shi fako ne. A je wa mai gona da sallama, faifai a hannu: "Salamu alaikum Baba, sannu da aiki. Mu 'yan cikin gari ne, wani wasa muke yi na jifan wannan roba. Tunda an yi girbi, muna roƙon ka bar mu mu riƙa yi a bayan gonar nan." A miƙa masa ya juya shi ya ga ba ƙarfe ba ne. Sau da yawa abin da za ka ji shi ne, "To samari, ba komai, a dai kula da dabbobi." In wurin na gari ne, a je wa mai unguwa da "ranka ya daɗe", a yi masa bayani kafin wani ya riga ku kai masa labari. Da an yi shuka, an bar gona ke nan sai kaka.

Wajen tsarawa, mafara ta zama a shimfiɗe ko da zangon duk hawa ne. Kada a kafa kwando a tsakiyar gangara mai santsi, inda jifa mai kyau da mummuna duk kwari za su, a nemi inda faifai zai iya zama. A cakuɗa: hawa, sauka, gitta gangara, kada a jera hawa uku a jere. Ga masu farawa, mita 45 zuwa 75 ta isa. Kada layin jifa ya tsallaka turba ko burtali, kada zango biyu su gitta juna. Duk inda kwando ke ɓoye bayan tudu, a tura mutum ɗaya ya tsaya a sama ya ba da hannu, domin makiyayi da garkensa ko yarinya mai tallan nono suna iya ɓullowa ba ka gani ba. In faifai ya nufi mutum, a ɗaga murya a ce "Hattara!"

Mata da yara da dattawa za su iya?

Za su iya, kuma tudu yana rage fifikon mai ƙarfi, tunda sauke faifai a inda ya dace ba aikin damtse ba ne. Mata suna da gasarsu ta duniya, Kristin Tattar 'yar Estoniya ta ci ta a 2022 da 2023. A ba su faifai mara nauyi kamar yadda aka faɗa a amsar zaɓen faifai, a matso musu da mafara a zangon hawa. Dattijon da gwiwa ke damu ya tsaya a zangon da ke gindin tudu. Yaran unguwa kuwa za su taru ko ba a kira su ba, kuma sun fi kowa ganin inda faifai ya faɗi. A tsayar da su bayan mai jifa, kada a tura su ɗauko faifai a rami ko duhuwa, in an gama kuma a ba kowa ya jefa.

Wane atisaye zan yi in ina ni kaɗai?

Ka samu gangara guda, ka kafa sanda a tsakiyarta, ka ja taku 25. Ka jefa faifan kusa daga ƙasa, sannan daga sama, sannan daga kowane gefe. Kada ka ƙirga wanda ya fi kusa da sanda, ka ƙirga wanda ya kwanta bai tashi ba. Daga gefen da haiza ke sokar tudu, ka yi da gaban hannu ko da bai yi kyau ba tukuna. In faifai takwas cikin goma suna zama daga kowace kusurwa, ka ƙara taku goma ka ɗauki na tsaka-tsaki.